Makarantun Karkarar Amurka da Katangar da Aka Gina Tsakanin Sana'a da Jami'a

A Amurka ba gwamnatin tarayya ce ke riƙe da makarantun firamare da sakandare ba. Kowane yanki yana da gundumarsa ta makarantu, da hukumar da mazauna wurin suke zaɓa, kuma babban kaso na kuɗin tafiyar da ita daga harajin gidaje da gonakin yankin yake fitowa. A jihohi irin su Nebraska da Montana akwai gundumomin da ɗalibansu gaba ɗaya, daga ajin farko zuwa na ƙarshe, ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Kusan kowace irin wannan gunduma a yau tana cewa tana shirya yaranta domin shiga jami'a da kuma kama sana'a a lokaci guda. Mai ji zai ɗauka haka abin yake tun fil azal, alhali gyara ne na wata ɓaraka da doka ta yi a 1917, lokacin da aka raba karatun littafi da koyon sana'a aka yi musu gida biyu. Ƙananan makarantun karkara ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan rabuwa, domin su ne ba su da yawan ɗalibai ko malaman da za su riƙe gida biyu.

Tun farkon ƙarni na 20 manyan ƙasar suka shiga damuwa da yadda matasa ke barin gona suna kwarara birane. A 1908 Shugaba Theodore Roosevelt ya kafa kwamitin nazarin rayuwar karkara ƙarƙashin Liberty Hyde Bailey, masanin noma na Jami'ar Cornell, kuma cikin abin da kwamitin ya zarga har da makarantar ƙauye, wadda ya ce tana koyar da abin da ba shi da alaƙa da rayuwar manomi. Su kuma masu masana'antu suna neman ƙwararrun ma'aikata, idonsu na kan tsarin koyon sana'a na Jamus. Daga wannan haɗuwar buƙatu aka samu dokar Smith-Hughes, wadda Shugaba Woodrow Wilson ya sa wa hannu a watan Fabrairun 1917, mai ɗauke da sunayen 'yan majalisa biyu daga jihar Jojiya, Hoke Smith da Dudley Hughes. Dokar ta ware kuɗin tarayya domin koyar da noma da sana'o'in masana'anta da kula da gida ga ɗaliban da suka haura shekara 14, da sharaɗin jiha ko gunduma ta kawo dala ɗaya kan kowace dalar tarayya. Sauran sharuɗɗan ne suka gina katangar. Dole jiha ta naɗa hukumar da za ta kula da ilimin sana'a, kuɗin ba zai taɓa shiga albashin malamin lissafi ko na tarihi ba, karatun dole ya tsaya ƙasa da matakin jami'a, ɗalibin sana'ar masana'anta kuma ya kashe aƙalla rabin lokacinsa a aikin hannu.

Ba a yi wannan cikin rashin sani ba, domin an yi gargaɗi. John Dewey, wanda shi kansa mai goyon bayan koyo ta hanyar aiki ne, ya yi muhawara a fili da David Snedden, kwamishinan ilimi na Massachusetts, a 1915. Snedden da abokin aikinsa Charles Prosser suna ganin a horar da kowane yaro domin gurbin da zai cika a kasuwar aiki. Dewey ya ce wannan zai mayar da makaranta wurin tace 'ya'yan talakawa, a tura su inda iyayensu suke tun ba su san abin da suke so ba. Ra'ayin Prosser ne ya yi rinjaye, shi ne ma ya zama daraktan farko na hukumar tarayya da dokar ta kafa. A jihohin Kudu, inda aka ware makarantun baƙaƙen fata, abin da Dewey ya ji wa tsoro ya fi fitowa ƙarara: a yawancin ƙauyuka aikin gona da ɗinki da girki aka fi tura yaran baƙaƙe, ga kason kuɗinsu kaɗan, ga ƙarancin sakandaren da za ta kai su jami'a. Wannan ce damuwar da W. E. B. Du Bois ya daɗe yana bayyanawa game da tsarin Booker T. Washington na Tuskegee, tsarin da kwamitin Phelps-Stokes ya tallata wa gwamnatocin mulkin mallaka a Afirka a shekarun 1920.

Masu kare dokar suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. A lokacin, kusan kashi 30 cikin 100 na Amurkawa a gona suke zaune, kuma yaran ƙauye ƙalilan ne ke gama sakandare. Darasin noma ya ba uba dalilin barin ɗansa a makaranta. Dokar ta tanadi cewa ɗalibin noma zai yi aikin gona na wata shida a shekara ƙarƙashin kulawar malami, dabarar da Rufus Stimson ya fara a Massachusetts tun 1908: yaro ya ɗauki maraƙi ko kaji ko eka ɗaya ta masara a gidansu, ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, malami ya riƙa zuwa har gida yana dubawa. Daga nan ƙungiyar manoman gobe, FFA, ta tsiro a birnin Kansas a 1928, da samari 33 daga jihohi 18, ta koya wa miliyoyin yaran karkara magana a gaban jama'a da gudanar da taro da alƙalancin dabbobi a baje koli. Duk wannan gaskiya ne. Amma idan aka duba da kyau, abin da ya yi albarka a cikin tsarin shi ne daidai wurin da katangar ta tsage. Yaron da ke lissafin ribar kajinsa lissafi yake yi, wanda ke auna taki kimiyya yake yi, malamin noman kuma ya fito ne daga jami'o'in da dokar Morrill ta 1862 ta kafa, don haka sau da yawa shi ne mutum na farko da ya nuna wa yaron hanyar jami'a. Ita ma ƙungiyar ta daɗe da nata shingen, domin sai 1965 ta haɗe da takwararta ta baƙaƙen fata, 'yan mata kuwa sai 1969 aka karɓe su.

Babban abin da ya karya hujjar rabuwar shi ne gonar kanta. A 1935 gonakin Amurka sun kai miliyan 6.8, a yau ba su kai miliyan biyu ba, kuma mazauna gona ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Tarakta da injin girbi sun sa mutum ɗaya yana noma abin da a da iyalai da dama ke nomawa. Ke nan makarantu sun yi shekaru suna horar da samari domin gadon gonar da za a sayar kafin su kai shekara talatin, daga nan su nufi birni da takardar da ba ta buɗe ƙofar jami'a, ba ta kuma dace da aikin masana'anta ba. Wanda ya tsara karatun yaro bisa kasuwar aikin yau ya ɗaure shi ne da abin da zai iya gushewa gobe. Majalisa ta fara amincewa da haka a dokar 1963, wadda ta faɗaɗa noma ya haɗa da ayyukan da ke kewaye da gona, kamar sayar da iri da gyaran injuna, ta kuma ba da kuɗin gina cibiyoyin koyon sana'a na yanki. Dokar da aka sa wa sunan Carl Perkins, ɗan majalisa daga tsaunukan gabashin Kentucky, ta zo a 1984, amma sai a gyaran 1990 aka wajabta haɗa darussan sana'a da na littafi, aka kuma tallafa wa shirin da ke ɗinke shekaru biyun ƙarshe na sakandare da shekaru biyu na kwaleji. Sama da shekara saba'in aka ɗauka kafin doka ta dawo inda Dewey ya tsaya.

Akwai masu cewa matsalar ƙaramar gunduma ƙanƙantarta ce kawai, maganin kuma a rufe ta a haɗa da maƙwabta. An gwada wannan fiye da kowace dabara. A farkon shekarun 1930 gundumomin makarantu sun haura 120,000, a yau suna wajen 13,000, makarantun ɗaki ɗaya da malami ɗaya kuwa sun kusa ƙarewa. A 1959 James Conant, tsohon shugaban Jami'ar Harvard, ya ce sakandaren da ba ta yaye ɗalibi 100 a shekara ba za ta iya ba da cikakken karatu ba. Lissafinsa yana da gaskiya: aji mai ɗalibi 20 ba zai riƙe malamin kimiyyar sinadarai da na walda da na kanikanci duka ba. Sai dai haɗewa tana da iyakar da nisa ya gindaya mata, domin a filayen yammacin ƙasar yaro ya riga ya yi doguwar tafiya a motar makaranta safe da yamma, kuma garin da aka rufe makarantarsa ya rasa wurin taruwarsa da babban mai ɗaukar ma'aikatansa. Abin da ya fi ɗorewa shi ne tarayya ba tare da rufewa ba, irin abin da Hausawa ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jihar New York ta kafa hukumomin haɗin gwiwar gundumomi a 1948, inda ƙananan gundumomi ke haɗa kuɗi su ɗauki malami ɗaya ko su gina ɗakin koyon sana'a ɗaya. Minnesota a 1985 ta ba ɗaliban sakandare damar ɗaukar darussan kwaleji da kuɗin jiha, wasu jihohi suka bi, daga baya intanet ta rage nisan a inda layinta ya kai. Ta haka yarinya a ƙauye ke iya gama sakandare da shaidar taimaka wa ma'aikatan jinya da kuma makin da jami'a za ta karɓa.

Ƙorafi mafi nauyi daga iyayen karkara yake fitowa, cewa duk yaron da aka shirya wa jami'a an shirya masa tafiya ne, garin ya biya kuɗin karatunsa birni ya ci moriya. Masu binciken zamantakewa Patrick Carr da Maria Kefalas, da suka zauna a wani ƙaramin gari na jihar Iowa, sun nuna a littafinsu na 2009 cewa malamai da manyan gari suna zuba ƙarfinsu kan haziƙan da za su tafi, suna sakaci da waɗanda za su zauna su riƙe garin. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma tsohuwar katangar ce ta sake bayyana, tana ware masu tafiya da masu zama tun suna yara. Rufe wa haziƙai ƙofa ba zai cika garin ba. Ƙauyen yau yana buƙatar likitan dabbobi da ma'aikaciyar jinya da malamin lissafi da mai gyaran taraktar da kwamfuta ke sarrafawa, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da takardar sakandare kaɗai ke samarwa. Yaran karkara suna gama sakandare daidai da sauran yaran ƙasar ko ma fiye, amma kaɗan ne daga cikinsu ke wucewa gaba idan aka kwatanta da na unguwannin kewayen birane. Gyaran dokar Perkins na 2018 ya wajabta wa duk mai karɓar kuɗinta ya riƙa nazarin buƙatun ayyukan yankinsa aƙalla duk shekara biyu, tare da masu ɗaukar ma'aikata da iyaye. Sharaɗin yana da amfani idan aka yi shi domin buɗe wa mai zama hanyar kwalejin da ke kusa da shi, yana kuma ɗauke da haɗarin 1917 idan babbar masana'anta ɗaya ta garin ce za ta yanke wa ɗan shekara 14 abin da zai koya.