Yadda ake haɗa wayoyin sarrafa fitilun dandali da amfanin rufe ƙarshen layi

Fitilun da ke sauya launi a ɗakunan taro, wuraren bukukuwa da gidajen talabijin suna karɓar umarni ne daga na'urar sarrafawa, ta hanyar tsarin da ake kira DMX512. Cibiyar Fasahar Wasan Kwaikwayo ta Amurka, wato USITT, ce ta fito da shi a shekarar 1986. Layi ɗaya yana ɗauke da tashoshi 512, kowace tasha kuma tana da matakai daga 0 zuwa 255.

Saƙon yana tafiya da saurin bit dubu 250 a daƙiƙa guda, don haka yana buƙatar waya ta musamman: igiyoyi biyu murɗaɗɗu cikin garkuwar ƙarfe, mai turjiyar om 120. Filogin da ƙa'ida ta amince da shi shi ne XLR mai ƙafa biyar. Ƙafa ta 1 ta garkuwa ce, ta 2 da ta 3 kuma su ke ɗaukar saƙo. Sai dai fitilu da yawa na zuwa da filogi mai ƙafa uku irin na makirufo, abin da ke sa wasu su yi amfani da wayar makirufo. Turjiyar wannan waya ta gaza om 120, kuma takan gurɓata saƙon idan layi ya yi tsawo.

Ana jera fitilun ne kamar sarƙa, waya ta fita daga na'urar sarrafawa ta shiga fitila ta farko, daga nan ta wuce zuwa ta biyu, har ƙarshe. Ba a son layi ɗaya ya wuce na'urori 32. Idan ana buƙatar ƙari ko reshe, sai a sa na'urar rarraba saƙo, domin raba waya biyu da hannu yana rikita umarnin.

A fitila ta ƙarshe ake toshe layin da abin da masu sana'ar ke kira tamineta. Filogi ne da aka haɗa rezista mai om 120 tsakanin ƙafarsa ta 2 da ta 3. Idan babu shi, saƙon da ya kai ƙarshen waya yakan dawo baya kamar amsa-kuwwa, ya ci karo da sabon saƙo. Nan ne fitilu ke fara ƙyaftawa, su sauya launi ba da umarni ba, ko su ƙi amsawa.

Matsalar takan ɓoye a gajeren layi lokacin gwaji, ta bayyana bayan an ƙara waya da fitilu ranar taro. Saboda haka, kafin a zargi fitila ko na'urar sarrafawa, a fara duba irin wayar da aka yi amfani da ita da kuma ko an rufe ƙarshen kowane layi.