Takardar 1924 da ta canza sunan kayan Japan

Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota a Maraɗi ko Damagaram ya ji yadda direbobi ke yabon Toyota, wai ita ba ta san mutuwa ba, sai dai mai ita ya gaji. Kaɗan ne suka san cewa a ƙarshen shekarun 1940, in aka ce kaya daga Japan ya fito, abin da ake nufi shi ne mai araha marar ƙarko. Yadda wannan suna ya juye labari ne mai rassa da yawa, amma reshe ɗaya ya tsiro ne daga wata takarda mai shafi guda da aka rubuta a Amurka.

Kamfanin Western Electric na da babbar masana'anta a Hawthorne, kusa da Shikago, inda ake ƙera kayan tarho. Yadda suke tabbatar da inganci shi ne yadda kowa ke yi a lokacin: a gama ƙira, masu dubawa su ware na banza. In aka ga ɓarna ta ƙaru yau, sai a ruga a taɓa inji. Abin da ya ɗaure wa injiniyoyi kai shi ne, yawan taɓa injin nan ƙara dagula aikin yake yi. A ranar 16 ga Mayu 1924, wani masanin kimiyyar lissafi da fiziks mai suna Walter Shewhart ya miƙa wa shugabanninsa gajeriyar takarda da ɗan zane a jikinta.

Abin da ya gano, in ka cire lissafin, mai sauƙi ne. Babu aikin da ke fitar da abu biyu daidai wa daida. Ɗauki mai gidan burodi da ke son kowane burodi ya yi giram 200. Wani zai fito 197, wani 204, ko da fulawa ɗaya ce, hannu ɗaya, tanda ɗaya. Wannan bambanci na tsarin aikin ne kansa, ya taru daga ƙananan dalilai barkatai da ba mai iya nuna ɗaya da yatsa. Amma in wata safiya burodi ya fito 170, to wani abu ya faru na daban: ko sikeli ya lalace, ko an kawo sabon yaro. Shewhart ya ce kuskure iri biyu ne. Na farko, ka ɗauki bambancin yau da kullum kamar wani abu ne ya faru, ka yi ta gyaran abin da bai ɓaci ba har ka ɓata shi. Na biyu, abu ya faru da gaske kai kuwa ka ce ai haka yake kullum. Zanensa layi uku ne: matsakaici a tsakiya, iyaka a sama, iyaka a ƙasa, kuma iyakokin daga alƙaluman aikin ake lissafo su, ba daga burin maigida ba. Abin da ya faɗo tsakanin iyakoki, bar shi. Wanda ya tsallake, bi sawunsa. A 1931 ya fitar da littafi a kan wannan.

Wanda ya yayata ilimin shi ne W. Edwards Deming, wanda aka haifa a 1900, ya kuma yi aiki da hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an koyar da dubban injiniyoyi dabarar don ƙera kayan yaƙi. Da aka gama yaƙi, masana'antun Turai da na Japan sun zama kufai, duniya na sayen duk abin da Amurka ta ƙera, mai kyau da marar kyau. Sai zanen Shewhart ya koma cikin durowa. Deming ya ɗauki darasi daga nan: an koyar da injiniyoyi, an manta da masu yanke shawara.

Shi ya sa da ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyi ta Japan, JUSE, ta gayyace shi a 1950, bai tsaya ga injiniyoyi ba, ya zauna da shugabannin manyan kamfanoni. Kuɗin da aka samu daga buga laccocinsa ya bar wa ƙungiyar, ita kuwa ta kafa lambar yabo da sunansa a 1951. Toyota ta ci wannan lamba a 1965.

A nan ina da ja da yadda ake ba da labarin, kamar wani Bature ne ya sauka ya farfaɗo da ƙasa shi kaɗai. Kafin Deming, Homer Sarasohn ya riga ya koyar da shugabannin masana'antun sadarwa na Japan. Joseph Juran ya zo a 1954. Yaƙin Koriya ya kawo wa masana'antun ƙasar ciniki mai yawa. Sannan Japanawa irin su Kaoru Ishikawa ne suka sauko da ilimin daga ofis zuwa hannun lebura, har ma'aikata suka riƙa zama ƙungiya-ƙungiya suna zana alƙaluman aikinsu da kansu. Malami ya yi nasa, amma ɗalibai ne suka yi noman.

Amurka ba ta waiwayi Deming ba sai a Yunin 1980, lokacin da motocin Japan suka cika mata kasuwa, gidan talabijin na NBC ya nuna shi yana ɗan shekara 79. Kamfanin Ford ya neme shi a 1981. Daga baya, a 1986, Motorola ta fito da nata tsarin mai suna Six Sigma, wanda burinsa kada kuskure ya wuce 3.4 cikin miliyan.

Abin da ya fi zama mini a rai cikin koyarwarsa shi ne wani wasa da yake yi a tarurrukansa. Yakan kawo akwati cike da ƴan ƙwayoyi irin na casbi, farare da jajaye, ɗaya cikin biyar ja. Sai ya kira mutane daga cikin masu saurare ya ce ya ɗauke su aiki, ya ba su wani ɗan katako mai gurbi 50 kamar na dara, ya ce su ɗebo farare zalla. Wannan ya ɗebo ja 7, a yabe shi. Wancan ya ɗebo 14, a yi masa barazanar kora. Zagaye na gaba gwani ya zama rago, rago ya zama gwani. Kowa a zauren na dariya, don kowa na gani cewa jajayen na cikin akwati tun kafin ma'aikaci ya sa hannu, kuma mai akwatin ne kaɗai zai iya cire su.

Wasan nan ana yin sa kullum ba tare da dariya ba. Mai kanti ya ga cinikin Talata ya gaza na Litinin, sai ya hau yaron kanti da faɗa, alhali da ya rubuta cinikin kwana 30 a littafi zai ga hawa da saukar nan ba ta taɓa fita daga inda ta saba ba. Mai hawan jini ya auna sau ɗaya ya ga ya ɗan ɗaga, ya ƙara wa kansa magani ba da sanin likita ba, gobe jiri ya kwashe shi. Shi ya sa likitoci ke son awo na kwanaki a jere kafin su taɓa magani. Kayan aikin duka bai wuce littafi, biro da haƙurin wata guda ba.

Deming ya ci gaba da yawo da akwatinsa na ƙwayoyi yana koyarwa har ƴan kwanaki kafin rasuwarsa a Disamba 1993, yana da shekara 93.