Yadda Tumatir Ya Shiga Ɗaki Ya Nuna a Ƙarƙashin Fitila

Tumatir, wanda asalinsa daga duwatsun Andis ne na Amurka ta Kudu, mutanen Meziko suka raine shi, Sifaniyawa kuma suka ƙetare teku da shi zuwa Turai a ƙarni na 16, tsiro ne da Allah Ya halitta da matuƙar kwaɗayin rana, har ya zamana duk ƙasar da hunturunta ke da gajeren yini da dogon dare, a da jama'arta ba su da rabo da ɗanyensa sai a watannin zafi. Turawan arewa sun daɗe da sanin gina ɗakunan gilashi suna ɗumama su da wuta, amma ɗumi dabam, haske dabam. Tun 1779 ma wani likita mutumin Holan, Jan Ingenhousz, ya kafa hujja cewa ganye ba ya aikinsa na gyara iska sai haske ya sauka a kansa. Mas'alar da ta rage ita ce samun abin da zai tsaya a madadin rana.

A 1880 Sir William Siemens, Bajamushe mazaunin Ingila, ya rataya fitilar lantarki a ɗakin gilashinsa, irin fitilar farko wadda wuta ke tsallakawa tsakanin sandunan gawayi biyu. Ganyayen da ke kusa da ita suka babbake, sai ya gitta gilashi tsakaninsu da fitilar, ƙunar ta ɗauke, shukar ta ci gaba da girma. Bayan kamar shekara goma Liberty Hyde Bailey ya maimaita jarrabawar a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya ga latas na saurin kaiwa. Sai dai ƙwan fitilar Edison, wanda ya game duniya a zamanin, zafinsa ya fi haskensa yawa, shuka kan yi ta miƙewa a ƙarƙashinsa, siririya, ba ƙwari.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne wanda masu bincike na Cibiyar Boyce Thompson a New York suka bayyana a 1930. Zaton mutane shi ne, tun da haske ne abincin shuka, to, in aka hana dare zuwa gaba ɗaya amfani zai ninka. Alhali kuwa da suka bar tumatir cikin haske dare da rana ba yankewa, sai ganyensa ya soma fitar da dabbare-dabbaren rawaya, ya yi yaushi, daga bisani ya bushe. Ashe wannan tsiro, duk da son ranar da yake yi, yana da haƙƙin duhu wanda ba a tauye masa, kuma hakika ina ganin hikimar Ubangiji a fili cikin wannan al'amari. Shi ya sa har yau manoma ba su cika wuce sa'a 16 zuwa 18 suna kunna masa fitila ba. Sai a 2014 malaman Jami'ar Wageningen ta Holan suka gano, a jikin tumatirin daji, ƙwayar gado da ke ba shi juriyar haske marar yankewa.

Kasuwanci na sosai ya kankama ne bayan fitowar fitilar sodiyam a shekarun 1960, mai haske ruwan goro, wadda manoman yankin Westland na Holan suka yawaita ratayawa har sararin samaniyarsu ya riƙa yin ja da dare. Shiga ɗaki kuwa ya zo da wata wahala: furen tumatir ba ya sakin garinsa sai an girgiza shi, a ɗaki kuma babu iska, don haka ma'aikata suka riƙa bin reshe reshe da sandar lantarki mai karkarwa, har zuwa 1987 da aka fara kiwon wani ƙudan zuma mai kauri da gashi a Beljiyam domin wannan aiki.

Daga nan sai ƙananan fitilun LED. Nick Holonyak ya ƙera mai ja a 1962, a 1991 kuma masana a Jami'ar Wisconsin, da tallafin hukumar NASA, suka nuna ana iya rainon latas da ita. Amma ja kaɗai ba ya wadatarwa, sai da Akasaki da Amano da Nakamura na Japan suka fito da mai shuɗi, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 2014. Da waɗannan fitilu masu ƙarancin zafi, da ake iya sakawa har tsakanin rassa, aka girbe tumatir a tashar Jamusawa ta Neumayer a Antaktika a 2018, aka kuma shuka gajeren iri a tashar sararin samaniya.

Duk da haka tsadar wuta ba ta gushe tana hukunci ba, domin tumatir ya fi latas cin haske nesa ba kusa ba. A hunturun 2022, da farashin gas ya hau a Turai, manoman Holan da yawa suka bar fitilunsu a kashe, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa a Fabrairun 2023 manyan kantunan Ingila suka ƙayyade yawan tumatirin da mutum ɗaya zai saya.