Jaridun Moscow a Kwamfuta da Tarihin Ƙuri'ar Raba Gardama ta 1961 a Ƙasar Taraba

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da tsofaffin jaridun Tarayyar Sobiyet, waɗanda yanzu aka zuba a intanet, za su iya ƙara wa mai binciken tarihi a Jalingo, musamman kan yadda Gashaka da Mambila suka shigo Nijeriya.

Gabatarwa

Jaridar Pravda ta fara fitowa a birnin St. Petersburg ranar 5 ga Mayu, 1912, daga baya ta zama bakin Jam'iyyar Kwaminis. Izvestia kuwa ta fito a 1917, ta zama muryar gwamnatin Sobiyet. Kamfanin East View da ke Minneapolis a Amurka ya ɗauki hoton shafukan jaridun biyu tun daga fitowarsu ta farko, ya kuma sa ana iya laluben kalma a cikinsu. Aikin da a da sai an yi tattaki zuwa Moscow ko Landan ana murza faifan fim, yau daga kan tebur ake yinsa.

To, ina ruwan Jalingo da wannan? Ruwanta ne ƙwarai. Ƙananan hukumomin Gashaka da Sardauna da Kurmi na Jihar Taraba, a da suna cikin Arewacin Kamaru, yankin da Ingila ke riƙe wa Majalisar Ɗinkin Duniya amana. A Nuwamba 1959 jama'ar yankin suka zaɓi a jinkirta yanke makomarsu. Da aka sake kaɗa ƙuri'a a Fabrairu 1961, ƙarƙashin sa idon Djalal Abdoh na Iran, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni yankin ya haɗe da Jihar Arewa, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna.

A lokacin, Tarayyar Sobiyet tana da kujera a Kwamitin Riƙon Amana da ya yi ta muhawara kan irin waɗannan yankuna. A Satumba 1960 shugabanta Khrushchev da kansa ya tsaya gaban Majalisar yana neman a kawo ƙarshen mulkin mallaka nan take, a Disamba kuma aka zartar da ƙuduri mai lamba 1514 kan wannan batu. Dangantakar jakadanci tsakanin Legas da Moscow ma a Nuwamban wannan shekarar aka ƙulla ta. Ke nan ƙuri'ar da aka kaɗa a garuruwan Gembu da Serti na yankin ta faɗo ne daidai lokacin da Gabas da Yamma ke ja-in-ja kan Afirka.

Ɗalibin da ke rubuta kundi a kan wannan batu yakan dogara da rahotannin razdan da di'o da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da takardun Arewa House, da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Duk suna da daraja, amma yawancinsu daga ɓangaren masu mulki ɗaya suka fito, wato Ingila da gwamnatin jam'iyyar NPC ta Jihar Arewa. Jaridun Moscow su ne bakin abokin hamayya.

Sai dai a yi hattara. A wancan zamani Pravda ba jaridar da ke rubuta abin da ta ga dama ba ce. Abin da shugabannin jam'iyya suka yarda a faɗa shi take bugawa. Saboda haka ba za ta zama hujjar abin da ya faru a rumfar zaɓe a tsaunin Mambila ba. Hujja ce ta matsayin Kremlin a ranar da aka buga ta, da sunayen da ta yaba, da waɗanda ta yi wa shiru. Wanda ya jera shafinta da na Gaskiya na mako guda zai ga inda labaran suka rabu, a nan kuma tambayar bincike take.

Cikas biyu ne a gaba. Na farko kuɗi: rumbun ba kyauta ba ne, ɗakunan karatu ke biyan kuɗin shiga. Na biyu harshe, don da baƙaƙen Rashanci ake laluben, kuma tsohon bugu yakan rikita na'ura ta tsallake kalma. Fassarar kwamfuta tana nuna hanya, amma ba a gina kundin digiri a kanta. Abin takaici, su Rashawa sun daɗe da karanta mu: tun 1963 aka buga ƙamus na Hausa da Rashanci a Moscow ƙarƙashin jagorancin Dmitri Olderogge, Rediyon Moscow kuma ta yi shekaru tana watsa shiri da Hausa.

Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, ita ta fi kowa kusa da wannan tarihi. Ya kamata ɗakin karatunta ya haɗa gwiwa da na jami'o'in Wukari da Yola su nemi tallafin TETFund don biyan kuɗin rumbun, Sashen Tarihi kuma ya tura ko da malami ɗaya Ibadan ko Legas, inda ake koyar da Rashanci.