Allura da Zare: Tarihin Ɗinkin Babbar Riga a Birnin Zazzau

Da yawa daga cikinmu Zage-zagin da neman abinci ya watsa zuwa Kaduna da Abuja da Legas mun saba, idan Sallah ta ƙarato ko naɗin sarauta ya taso, mu aika kuɗi gida a ɗinko mana babbar riga. Kaɗan ne a cikinmu ke tsayawa su tambayi hannun da ya yi aikin, ko ma hannu ne ya yi shi. Alhali kuwa ɗinkin riga yana cikin sana'o'in da suka fito da sunan birninmu, kuma tarihinsa ya fi ƙarfin a bar shi a bakin dillalai kaɗai.

Rigar kakanninmu aikin gayya ce. Mata a cikin gida su ke gurzar auduga su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa shi ƙyalle-ƙyalle marasa faɗi. Idan saƙi ake so, wato mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa, sai zaren ya fara biyawa ta marina. Maɗinki ya harhaɗa ƙyallayen nan, wani lokaci su haura ɗari a riga guda. Daga nan sai a kai wa mai zayyana, wanda galibi malami ne da hannunsa ya saba da alƙalami da tawada, ya zana asake da tambari da sauran gidajen ɗinki a kan aljihu da wuya da baya. Sai mai ɗinki ya zauna da allura, watanni suna wucewa. A ƙarshe mabuga su ɗora ta bisa gungume su buge ta har ta yi sheƙi. Riga ɗaya, gida shida ko bakwai sun ci abinci a jikinta.

Zaren adon ma yana da nasa labarin. Akwai tsamiya, siliki na ƙasarmu, wanda ake samu daga saƙar wata tsutsa da ke zama a bishiyoyi irin su tsamiya; ana dafa saƙar da toka kafin a kaɗa ta. Akwai kuma alharini, jan silikin da fatake ke ɗaukowa bisa raƙuma daga Tarabulus ta Gadamas. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya ga ɗaruruwan kayan raƙuma na alharini suna shigowa a shekara, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a kan wuri miliyan 300 a ƙalla. Shi ne kuma ya rubuta cewa riguna mafi daraja a kasuwar daga ƙasar Nufe suke zuwa.

Wannan magana ta Barth ta shafe mu. Bayan jihadi, da Malam Musa ya zauna a gadon Zazzau, daular Sakkwato ta haɗa Nufe da Ilori da Kano a ƙarƙashin tuta ɗaya, kuma hanyar fataken da ke tsakaninsu ta ƙasarmu ta ratsa. Masaƙa da maɗinka suka yi ta zuwa suna zama, wasu da ƙafarsu, wasu kuwa, gaskiya ɗaya ce, a matsayin bayi aka kawo su. Sunan Unguwar Nufawa da sunan girken Nufe shaida ce da ta rage mana. Sarakuna kuma su ne manyan masu saye, domin riga a wancan zamani ita ce takardar naɗi, ita ce tukuici, ita ce gaisuwar da ake aikawa Sakkwato. Aska biyu da aska takwas da aska tara da malum-malum da shabka, kowace tana faɗin matsayin mai ita tun kafin ya buɗe baki.

Shabka ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Kalmar daga Larabci take, ma'anarta raga, kuma sunan ya dace da aikin: adon da ake cika shi da ƙananan idanu jere da juna, kowane ido an huda shi an kewaye bakinsa da zare, har wurin ya zama kamar an saƙa shi ne da allura. Wanda bai taɓa zama kusa da mai yi ba, ba zai gane yawan haƙurin da ke cikin tafin hannu ɗaya na wannan aiki ba.

Turawa ma suna da irin nasu aikin haƙurin, kuma abin da ya same shi yana da alaƙa da kayan da ke jikinmu a yau. A ƙarni na 19 matan Ingila da Faransa da Jamus sun shahara da wata saƙar ƙulli da ake yi da 'yar ƙaramar ƙoshiya, ƙanwar ta masaƙanmu, wadda ba ta wuce tsawon yatsa ba. Ana naɗe zare a cikinta, a riƙa ƙulla shi a kan wani zaren, ƙulli bayan ƙulli, a ja ya zama zobe, a haɗa zobe da zobe har a sami doguwar geza mai ramuka da za a ɗinka a bakin wuya ko hannun riga ko gyale. Turkawa har yau suna yi wa bakin ɗankwali irin wannan ado. Wata mata mai suna Riego de la Branchardière ta fara buga littattafan koyar da shi a London a 1850. Amma tun 1809 John Heathcoat ya riga ya ƙera injin saƙa raga a Ingila, a 1863 kuma Isaak Gröbli ya ƙera injin ɗinkin ado a Siwizalan. Kayan inji suka yi arha, aikin hannu ya fita daga kasuwa. Jikokin injin Gröbli ne suka cika garin Lustenau na ƙasar Ostiriya, inda tun shekarun 1960 ake yo wa Nijeriya leshi. Shaddar Getzner da muke alfahari da ita ma daga wannan jiha ta Ostiriya take, daga garin Bludenz.

Duk da haka saƙar ƙoshiyar ba ta mutu ba. Masu ɗinka tufafin zamanin da domin gidajen tarihi da fina-finai da bukukuwan tunawa suna yin ta da hannu har gobe, kuma abin da ya ba su dama shi ne littattafan nan: zanen yana rubuce, adadin ƙulli yana rubuce, ko bayan shekara 150 mai so zai buɗe ya bi.

Mu namu guguwar ta zo ne a hankali, tana cire hannu ɗaya bayan ɗaya. Turawa suka ci Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ayarin hamada ya mutu, alharini ya tafi da shi. Yadin kanti ya kori na masaƙi, masaƙar Kaduna ta buɗe a 1957, mazari ya koma kayan tarihi. Keken ɗinkin ado ya shigo, samari suka koma kansa, wasu kuma boko ya ɗauke su zuwa ofis. Abin da ba a zata ba shi ne inda allurar ta faɗa. Daga shekarun 1970 zuwa 1980, matan cikin birni, waɗanda kaɗi ya kuɓuce musu, suka karɓi ɗinkin riga, aikin da a da ake ganin na maza ne. Komawar mulki hannun farar hula a 1979, da kuma a 1999, ta buɗe kasuwa, don ɗan siyasa ba ya hawa mumbari da kaki. A 1994 wasu matan birni suka kafa ƙungiyar Queen Amina Embroiderers, aikinsu ya kai har kasuwannin baje koli a Amurka. Da ba don iyayenmu mata ba, da yanzu labari muke bayarwa. Sai dai ladan da ke isa hannun mai ɗinkin, bayan ta ba da idonta da bayanta wata da watanni, kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da kuɗin da mu ke biya a birni. Sauran yana narkewa ne a tsakani.

Inda muka fi rauni shi ne wajen zayyana. Tana cikin kan dattawa, kuma kowane ya kwanta dama da tasa yake tafiya. Injin kwamfuta yana kwaikwayon asake cikin awoyi, amma ba ya sanin dalilin da ya sa aska ke fuskantar inda take fuskanta, ko wace riga ta dace da wane matsayi. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara zane-zane masu yawa ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan ɗinkin tufafin Hausa a 1979, amma da Turanci yake, kuma mai zayyanar da ke Kwarbai ko Magajiya bai taɓa ganinsa ba, ko da yake tsakaninsa da Samaru tafiyar mota ce ta 'yan mintuna. Tsofaffin rigunan da aka fi adanawa kuwa suna London da Berlin.

Akwai abin da ƙungiya irin tamu za ta iya yi ba tare da jiran gwamnati ba. A nemi izinin fassara zane-zanen nan da sunayensu zuwa Hausa. A zauna da dattawan da suka rage, a ɗauki bayaninsu, a biya su. Sa'an nan kowane gida ya buɗe adakar kaka: da yawanmu muna da rigar da aka gada, asu yana cin ta a ɗakin da ba a shiga. Kada a wanke ta, kada a kai wa mai guga. A shimfiɗa ta a inuwa a ɗauki hotonta gaba da baya, a juya ta a ɗauki cikin aljihun, domin a bayan ɗinki ne ake ganin inda mai aiki ya ƙulla zarensa da inda ya sake shi, a kuma rubuta sunan mai rigar da unguwarsa da sarkin da aka yi ta a zamaninsa.