Idan Kare Ya Ciji Yaronka a Hanci

Ƙananan yara sun fi samun cizon kare a fuska, saboda tsayinsu daidai yake da bakin karen. Nan take ka wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15. In wani sashe na hancin ya gutsure, naɗe shi a tsumma mai tsabta da danshi, ka ƙulle a leda, ka ɗora kan ƙanƙara. Daga Bata, garzaya Asibitin Murtala. Allurar haukan kare ba ta jira, domin daga fuska cutar kan yi saurin isa ƙwaƙwalwa. Likitan fiɗa zai ɗinke raunin, ko ya cike gurbin da fatar goshi da guringuntsin kunne.