Na'urorin haske masu launi da ake ɗaurawa a jiki: amfaninsu da iyakarsu

Kwanan nan 'yan uwa da dama a Agege da Sabon Ibadan sun tambaye ni kan na'urorin nan masu ƙananan fitilun LED da ake talla a Facebook da TikTok. Akwai na rufe fuska, akwai ɗamara ta ƙugu, akwai hula, har da tabarau. Masu tallar kan ce kowane launi da cutar da yake warkarwa. To, ga abin da ya tabbata.

Magani da haske ba ƙarya ba ne. A 1903 likitan ƙasar Denmak, Niels Finsen, ya ci kyautar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske. Tun 1958 aka gano a Ingila cewa haske yana narkar da sinadarin bilirubin da ke jawo wa jarirai shawara, shi ya sa asibitoci ke kwantar da su ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Shuɗin haske yana kuma rage ƙwayar cutar da ke haddasa ƙurajen fuska, ja kuwa ana amfani da shi don rage kumburin fata. Amma fa aikin ya dogara ne ga irin hasken, ƙarfinsa da tsawon lokacin da aka yi ana haskawa.

Batun cewa kore na saukar da hawan jini ko rawaya na maganin suga, wannan babu hujja. Wani Dinshah Ghadiali ya sayar da irin wannan na'ura a Amurka, kotu ta same shi da laifi a shekarun 1940.

Akwai haɗari ma. A 2019 kamfanin Neutrogena ya janye abin rufe fuskarsa daga kasuwa saboda fargabar illa ga ido. Mu masu baƙar fata kuma, shuɗin haske na iya ƙara mana duhun tabo.

Shawarata: kada mai suga ko hawan jini ya ajiye maganinsa saboda fitila. Kafin a saya, a tambayi likita, a bincika ko NAFDAC ta yi wa na'urar rajista, a kuma kare ido. Uwa-uba, in idon jariri ya yi rawaya, don Allah kada a gwada masa fitilar kasuwa ko a ce shanya shi a rana ya isa. A garzaya asibiti a ranar, domin shawara in ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa har abada. Allah Ya kiyaye.